Ƙofar Da Na Shafa Wa Jan Fenti

Aikina a kamfanin rusau ba ya son ilimi, kunne yake so. Kafin katafila ta taɓa gini, ni nake shiga da guntun rodi da gwangwanin jan fenti, in bi ɗaki ɗaki. In buga ƙofa sau uku, in kwarara ihu, "Akwai mutum? Za a rushe!" Sannan in kafa kunne in ƙirga goma. In ba motsi sai in buɗe in leƙa, in shafa wa ƙofar fenti, in wuce ta gaba. Wadda na samu a kulle kuwa, doka ce, sai an ɓalle ta an ga cikinta da ido. Idan na gama in fito in hura usur, daga nan ginin ya zama na direban katafila. Shi ya sa ma'aikata suke kirana Ƙwanƙwasa, har matata in ta tashi tsokana haka take ce min.

Shekara tara ina wannan aiki. Na fito da mahaukata, na fito da 'yan shaye-shaye, na taɓa fito da wata tsohuwa a kafaɗa tana jibgar bayana da buta tana tsine wa duk danginmu. Ban taɓa barin ko kyanwa a ciki ba, kuma duk inda aka zauna sai na faɗa da ƙarfi. Ina da baki, ina da zuciya, na san halina.

Ranar da abin ya faru, tsohon ginin ofisoshi ne mai hawa uku a bakin babban titi. Shugaban aikin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Shi ya sama min gurbi a kamfanin, kuma bai taɓa bari na manta ba. An rufe mana titi daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu kacal, don haka tun ina hawa na biyu yake tsaye a ƙasa yana ɗaga murya.

"Ƙwanƙwasa! Barci ka kwanta yi a can?"

"Kawu, in sauri kake yi ka hau ka taya ni mana!"

"Zan hau in taya ka da mari, ɗan banza. Yi maza!"

Raina a ɓace na sauko. Saura ɗaki ɗaya, a hawan ƙasa, can baya a ƙarƙashin matakala. Ƙofar ƙarfe ce mai kauri, ɗakin ba taga. Na murɗa hannunta, a kulle. Na maka mata rodi sau uku har hannuna ya yi tsami, na yi ihu, na manna kunne.

Ba zan yi ƙarya in ce shiru na ji ba. Akwai wani ɗan sauti can ciki, ƙasa-ƙasa: tak, tak, tak, tak. Ba ya sauri, ba ya jinkiri, ba ya tsallake ko ɗaya. Na ce a raina babu ɗan Adam da zai yi abu daidai haka, famfo ne yake ɗiga. Ɓalle ƙofar ƙarfe kuma sai na fita na ɗauko injin yanka, na bi ta gaban Kawu, na sha wani zagin a gaban jama'a. Na tsoma burushi na shafa mata jan fenti, na fito na hura usur.

Direbanmu Kurma muke ce masa. Ba kurma ba ne na haihuwa, shekara ashirin cikin ƙarar inji ce ta cinye masa rabin ji, sauran rabin kuma yana toshe shi da abin rufe kunne. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Da ya ga usur a bakina ya ja gilashi ya rufe, daga nan ba ya ganin kowa a duniya sai ginin. Mu kuma muka koma bayan igiya, don bayan usur ko Kawu ba ya tsallake ta.

Katafila ta ɗaga hannu ta kafa haƙora a kusurwar baya, ta fizgo. Kankare ya tsage, rodi suka leƙo a lanƙwashe, bulo ya zubo, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Ina son wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Ta sake ɗagawa ta maka wa hawa na biyu, tagogi suka tarwatse, gilashi ya watsu har bakin igiya.

Sai kiɗa ya ɓarke.

Ba a hankali ya fara ba, gaba ɗaya ya afko mana. Wani bugu ne mai nauyi, dum, dum, dum, irin wanda ba ganga ke yin sa ba, na'ura ce. Ta tafin ƙafa yake shiga ya tsaya a ƙugu. A samansa wani siririn sauti yana hawa yana gangarowa, yana karkarwa yana dawowa, sannan muryar mace mai sanyi tana nanata magana ɗaya: "Bar ni nan, ban gama rawa ba. Bar ni nan, ban gama rawa ba."

'Yan shebur da ke jiran a gama su kwashe ɓaraguzai su suka fara. Wannan ya ɗaga shebur sama, wancan ya cire hular kwano yana kaɗa ta. Masu kallo a tsallaken titi suka ɗauka. Ni da nake cewa kiɗan zamani hayaniyar banza ce, ni da na taɓa jefa rediyon maƙwabcina a kwata, wallahi kafaɗata ta tafi ba da izinina ba.

"Kai! Su wane ne waɗannan?" na tambayi ɗan shebur ɗin da ke kusa da ni.

"Oho! Ban taɓa jin su ba. Amma sun iya shege!"

"Daga wace mota yake fitowa?"

Ba wanda ya sani, ba wanda ya damu. Na yi rawa. Ina so kowa ya ji wannan da kyau: na yi rawa kusan minti guda, baki buɗe ina dariya, katafila tana cin ginin.

Ƙafata ce ta gane kafin kaina. Tana buga ƙasa tana bin kiɗan, tak, tak, tak, tak. Na san wannan tazarar. Ko minti goma ba a yi ba da na manna kunne ina sauraronta. Sai na tuna an yanke ruwan ginin tun wata guda, ni da kaina na raka mai gyaran famfo ya toshe bututun. Daidai nan muryar macen ta bar waƙa ta fasa ihu, ihun ya fito ta lasifika, kiɗan yana ci gaba a ƙarƙashinsa. Wasu ma tafi suka yi, sun ɗauka cikin waƙar ne.

Na ruga wurin Kawu. "Kawu, akwai mutane a ciki! A tsaya!"

"Wa ya shafa fenti?"

"Ni ne, amma..."

"Wa ya hura usur?"

"Ɗakin ƙarƙashin matakala, Kawu. Ban ɓalle ba."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Rediyo ce wani ya manta. Kuma an riga an yanke ginshiƙin baya. In muka tsaya yanzu, titi ginin nan zai faɗo wa. Ka ga mutanen can?"

Game da ginshiƙin gaskiya ya faɗa, kuma har yau wannan yana cin raina. Amma ni ihun nake ji. Na nufi igiya, ya cafke wuyan rigata ta baya ya shaƙe ni.

"Ina za ka? So kake ka mutu a hannuna? In je in ce wa uwarka me?"

"Sake ni, Kawu!"

Ya juyo da ni ya ɗauke ni da mari, kunnena ya yi ƙara. Ban yi tunani ba, na kai masa karo da goshi a hanci. Na ji abin ya fashe. Mutumin da ya goya ni ina yaro ya zauna a ƙasa daɓas, jini yana bin yatsunsa, ni kuma na tsallake shi na tsallake igiya.

Na hura usur har na kusa shiɗewa. Kurma ya hango ni ta gefen ido, ya ɗaga min babban yatsa ya ƙara wuta. A wurinmu usur ma'anarsa ɗaya ce, ci gaba. Ba mu da na tsayawa, ba wanda ya taɓa tunanin za a buƙace shi. Wani guntun bulo ya faɗo min a kafaɗa ya durƙusar da ni, na miƙe na kama ƙarfe na haye kan katafila tana motsi. Na buga gilashi da hannu, bai waigo ba. Sai na ɗaga rodina na maka.

Gilashin ya tarwatse masa a fuska. Ya zabura, hannunsa ya fizgi abin sarrafawa, hannun katafila ya yi wani wawan lilo ya daki bangon matakala. Ina kallo matakalar ta karye biyu ta zauna a kan ɗakin. Ƙura ta turnuƙe. Ihun macen ya ɗauke.

Kurma bai san abin da ke faruwa ba, shi dai ya ga mahaukaci da rodi. Ya damƙo ni ta tagar ya sakar min naushi a baki, na ji haƙorina yana yawo a kan harshe. Ya kama kaina ya buga da ƙarfen ƙofa, sau ɗaya, sau biyu. Jini ya rufe min ido. Na kafa masa sauran haƙorana a hannu har sai da ya yi ƙara ya sassauta, na zura hannu na fizge abin kunnensa, na laluba na murɗe makulli.

Injin ya mutu. Duk titin ya yi tsit, ban da dum, dum, dum da ke fitowa daga ƙarƙashin ɓaraguzai.

Kurma ya tsaya da hannu a sama zai ƙara min. Ya karkata kunnensa mai ɗan ji. "Mutum ne?"

"Mutane," na ce, na tofar da haƙorin.

Kawu ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya taso riga duk jini, ko kallona bai yi ba. Ya sa aka kora masu kallo can nesa, ya hau ya yi wa Kurma ihu a kunne: "Tayar da ita ka tokare hawa na biyu! Ka riƙe shi, kar ka motsa ko da kanka zai faɗo!" Kurma ya share jinin fuskarsa da hula ya yi yadda aka ce. Ginin ya yi nishi, ya jingina da hannun katafila, ya tsaya.

Muka shiga ƙarƙashinsa mu bakwai. Ba a ganin komai don ƙura, kiɗan muka bi. Inda ya fi ƙarfi nan muka sa diga da shebur, inda shebur ya ƙi shiga muka sa hannu. Farcena biyu suka fita ban ji ba. Tsakuwa tana zubo mana a ka, kowa yana salati yana tari, ɗan shebur ɗin da ya ce sun iya shege yana kuka yana tono. Har muka kai ga ƙofar. Ta lanƙwashe amma tana tsaye, jan fentina ko bushewa bai yi ba.

Aka miƙo min injin yanka. Tartsatsin wuta yana cin hannuna, ban saki ba. Minti huɗu ya ɗauke ni na yanke makullin. Minti huɗu kacal, Kawu ne ya duba agogo ya faɗa, kuma na san don ni ya faɗa.

Su uku ne a ciki. Macen tana durƙushe a lungu, kanta ya fashe, jini ya jiƙa mata rabin fuska, har lokacin makirufo na hannunta. Wani mai ƙaramin fiyano na lantarki yana jingine da bango, hannunsa ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Na ukun dogo ne siriri, yana kwance rigingine gaban kwamfuta da batiran mota biyu, matakalar ta danne masa ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Kowannensu da hedifon a wuya, wannan abin da ke rufe kunnuwa ruf mutum ya ji kiɗa shi kaɗai. Da shi suke aiki, shi ya sa daga waje ba a jin komai, su ma ba su ji buguna ba. Girgizar ginin ce ta fizge wayar hedifon, sautin ya koma lasifika.

Wani ya kai hannu zai kashe kwamfutar, macen ta daka masa tsawa. "Kar ka kashe! Kiɗan yake bi. In ya tsaya suma zai yi."

Na duba, gaskiya ne. Leɓunan dogon suna motsi, yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya koma ɗaya. Muka kawo jak na babbar mota guda biyu muka cusa ƙarƙashin kankaren. Da ya fara ɗagawa dogon ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, ya kama damtsena ya nutsa farce har nama. Na ja shi ta hammata. Abin da ya biyo bayan gwiwarsa ba ƙafa ba ce kuma, wando ne cike da jini da takalmi yana kallon baya. Na cire bel ɗina na ɗaure masa cinya, na ja har sai da bel ɗin ya tsage min tafin hannu. Kiɗan bai tsaya ba har motar asibiti ta tafi da su.

Kwana biyar bayan haka na je asibiti, kaina naɗe da bandeji. Kamfani ya dakatar da ni. Kawu ya daina amsa gaisuwata, amma bai gaya wa kowa maganar ƙofar ba, ya ce wannan nawa ne, in ɗauka ko in ajiye. Mutanen gari kuwa bidiyon da aka ɗauka ina fasa gilashi suka gani, ko'ina na bi sai a ce ga jarumi. Duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in shaƙe shi.

Macen ce ta gane ni tun daga bakin ƙofa, an aske mata gefen kai an ɗinke. "Lah! Yayana, kai ne mai rodin! Shigo, shigo. Dogo, ga mutumin da ya cece mu."

Ta ja min kujera ta hau zuba, ko numfashi ba ta yi. Sunan ƙungiyarsu Waya Uku, wata biyar kenan da haɗuwarsu. Duk inda suka zauna gwaji maƙwabta sai su kore su, har suka gano ɗakin nan ta wata ɓaraka a katangar baya. Takardar sanarwar rusau a ƙofar gaba aka manna ta, su kuwa ba su taɓa bi ta gaba ba. Waƙar ma ba su sake ta ba tukuna.

"Ku ne farkon waɗanda suka ji ta a duniya," in ji ta.

Dogo yana kwance ya rame, idanunsa sun faɗa, amma da jin haka ya ɗan ɗago. "Malam, an ce har rawa kuka yi. Da gaske ne?"

"Mun yi."

"Har kai?"

"Har ni. Ban taɓa jin kiɗa irinsa ba, wallahi."

Ya yi murmushi har kunne. Ya lalubo waya ƙarƙashin matashi ya kunna, dum, dum, dum ya cika ɗan ɗakin. Macen ta yi dariya ta ce, "Wannan da kake gani agogo ne. Ba ya iya haɗa kiɗa sai yana buga ƙafa a ƙasa, kuma ko na'urar ba ta fi shi daidai ba." Sai ta tuna, dariyar ta maƙale mata. Duk muka kalli bargon. Daga gwiwar dama zuwa ƙasa a shafe yake, gwiwar ce kaɗai take ɗan motsi tana bin kiɗan.

Da na yi shiru da na fita da sunan jarumi. Amma na gaya muku ina da baki.

"Na ji ka," na ce.

"Na'am?"

"Kafin a fara. Ni ne mai duba ɗakuna. Na buga ƙofarku, na sa kunne, na ji ƙafarka tana bugawa. Na ce famfo ne. Doka ta ce in ɓalle ƙofar, ban ɓalle ba, na shafa fenti na hura usur. Matakalar ma garin fasa gilashin katafila da na yi ta faɗo."

Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa zagwanyewa.

"Famfo," ya ce.

"Famfo."

Ban ga ɗagawar hannunsa ba. Wayar ta same ni a baki daidai gurbin haƙorin, ɗinkin leɓena ya ɓalle, jini ya cika min baki. Ya rarumo kofin ƙarfe ya jefo, ya rarumo kwalbar magani, ya yunƙura zai sauko ya kama ni, ya manta babu abin takawa. Macen ta rungume shi tana kuka tana kiran nas, yana fizge-fizge yana zagina, zagin da ko Kawu bai taɓa yi min irinsa ba. Ban kare fuskata ba, ban tashi daga kujerar ba.

Wayar tana ƙasa gilashinta ya tsage, amma ba ta mutu ba, macen cikinta tana ta cewa a bar ta nan ba ta gama rawa ba. Na sunkuya zan ɗauka in miƙa masa, sai na ga ƙafata ta dama tana buga ƙasa, tak, tak, tak, tak. Shi ma ya gani. Na ɗora ta hagu a kanta na danne.